Layin da Baba Shehu Ya Ƙi Maimaitawa

Har yau ranar Larabar nan ba ta fita daga kaina ba, ranar da muka kai takardar sa hannu unguwarmu ta bakin Umbadda, can gefen Umdurman, kuma ba na jin za ta fita. Tun da kun ce in rubuta muku wani abu daga abin da na gani a aikin nan kafin in ajiye shi, to ga shi. Kada wanda ya gyara mini rubutu. Aji huɗu na yi a makarantar gwamnati, sauran allo ne, kuma da wannan hannun na shekara ashirin ina cika muku fom, ba wanda ya taɓa cewa bai gane ba.

Bari in fara da yadda ofis yake a lokacin, saboda ku sababbi kun tarar da shi wani iri. Ƙungiyarmu ta ƙasar waje ce, mutanen gari suna ce mata munazzama kawai. A sama akwai shugabar ofis, Baturiya, muna ce mata Madam, mutanen unguwa suna ce mata hawajiya. A ƙarƙashinta akwai jami'in ayyuka, Ustaz Siddiƙ, Balarabe ɗan Khartum mai digiri biyu, shi ke jin Turanci. A ƙarƙashinsa akwai injiniya da masu awo. Can ƙasa, kusa da direbobi da mai dafa shayi, akwai ni, mai shiga jama'a. Ni makanike ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejoji, a can suka kawo motarsu gyara, suka ɗauke ni direba. Da suka lura cewa in muka shiga unguwannin Hausawa ni kaɗai ake buɗe wa baki, sai suka karɓe makullin mota suka ba ni jakar takardu. Matsayi ya canja, kujera ba ta canja ba. Maganar Madam sai ta bi ta bakin Ustaz ta zama Larabci, ta bi ta bakina ta zama Hausa, amsar mutane kuma ta koma ta wannan hanya. Ni ne gadar ƙarshe, kuma ba wanda ke tambayar gada ra'ayinta.

Aikin da muke yi a shekarar, gina donki ne. Ga wanda bai sani ba, donki shi ne rijiyar burtsatse da injinta da tanki a sama da famfuna a ƙasa, an kewaye su da waya. Ƙa'idar ƙungiya ita ce ba a kai wa mutane abu a ajiye a tafi. Sai an yi zama uku. Zama na farko gaisuwa ce da sanin juna. Zama na biyu mutane su zana unguwarsu a ƙasa da toka da duwatsu, su nuna inda suke so a haƙa. Zama na uku sa hannu: a karanta yarjejeniya da yaren mutane a gaban kowa, maza da mata, shugaban unguwa ya maimaita layukanta da bakinsa, sannan ya buga hatiminsa. In bai maimaita ba, ba a haƙa.

Ni na sa sunan unguwarmu a jerin. Wata takwas ina bin Ustaz da maganar har ya gaji da ni. Ba famfo ko ɗaya a wurin. Ruwa sai na 'yan karo, wato keken jaki mai ganga, kuma ba wanda ya san inda suke ɗebo shi. Wata rana ya zo fari, wata rana ya zo da launin shayi da madara. In zafi ya yi zafi, 'yan karo sukan sayar da shi kaf a unguwannin gaba kafin su iso mu, mata su tsaya da jarkoki tun hantsi har azahar su koma hannu biyu. Ciwon ciki kuwa ba gidan da bai shiga ba.

Yanzu sai in gaya muku ko mu su waye, don in ba ku san wannan ba, ba za ku gane sauran ba. Kakanninmu sun taso daga Kano da Haɗeja da Damagaram a ƙafa da niyyar hajji. Guzuri ya ƙare musu a Jazira, yankin gonakin auduga kudu da Khartum, suka tsaya cirar auduga don su tara na gaba. Suka yi aure, suka haihu, suka mutu a wurin. Amma ba ranar da wani cikinsu ya ce ya tsaya. Uba in zai mutu sai ya bar wa ɗansa niyyar, kamar yadda ake barin gona. Da aikin auduga ya lalace muka taso muka zauna a bakin Umbadda, har yanzu kuma in ka tambayi tsohonmu ina gida, sai ya ce maka kan hanya muke. Ɗakunanmu gajeru ne ba yaɓe. Matasa na dariyar abin a bayan ido, ni ma na yi, amma a gaban tsofaffi ba mai dariya.

Shugaban unguwa kuma limaminta shi ne Shehu Idirisa. A lokacin ya kusa tamanin. Abokin mahaifina ne, marigayi Musa, tare suka yi cirar auduga, a gabansa kuma na yi karatun allo tun muna Jazira. Ba ya kirana da sunana sai in magana ta yi nauyi. Ɗan Musa yake ce mini.

A cikin yarjejeniyar akwai layi na uku. Na san shi da ka har gobe: mu mutanen wannan unguwa mazauna ne a nan, ba mu da niyyar tashi zuwa wani wuri. Ba zan yi wa ƙungiya ƙarya ba, layin yana da dalili. Sun taɓa gina donki a wani wuri, shekara biyu mutane suka watse, tanki ya zama gidan tattabaru. Tun daga nan babban ofis na ƙasar waje ya sa layin. A unguwanni huɗu na karanta shi, shugabanni suka maimaita ko a jikinsu. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda zai yi a bakin Baba Shehu ba sai ranar zama na biyu.

Ranar mutane sun zana taswira har da inda awaki ke kwana. Madam ta ji daɗi, tana tsugune tana ɗaukar hoto. Sai ta tambaya, ta bakin Ustaz, shekara nawa mutane ke ganin za su ƙara a nan. Baba Shehu yana jin Larabci fiye da ni, amma a taro ba ya magana sai da Hausa. Ya ce, "Gaya mata mu baƙi ne. Kan hanya muke. Ranar da Allah ya buɗe hanya, ranar za mu tashi."

Na juya na ce wa Ustaz, "Ya ce sun daɗe a nan."

Baba Shehu ya ji abin da na faɗa. Ya dube ni. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ne ƙarami.

Ranar Juma'a bayan la'asar na je wurinsa ni kaɗai. Yana zaune a rumfar ƙofar gidansa kan gadon igiya, yana gyara carbi da ya tsinke. Na cire takalmi na zauna ƙasa. Muka gaisa, 'yarsa Hawa ta kawo shayi. Na fito da takardar na karanta masa tun daga farko. Layi na ɗaya ya ce madalla, na biyu ya ce madalla. Da na karanta na uku sai ya ajiye carbin.

"Sake karanta wannan."

Na sake.

"Wannan ni zan faɗa?"

"Kai za ka faɗa, Baba. Magana ce kawai ta takarda. Ba wanda zai zo ya ɗaure maka ƙafa."

"Ɗan Musa, wanda na koya wa karatu ne ke ce mini niyya magana ce kawai? Da me kake shiga sallah?"

Ya ce ubansa ya bar masa niyya a kan tabarmar mutuwa, uban kuma daga nasa uban ya karɓa, ba zai tsaya a gaban jama'a ya ce ba shi da ita ba. Ya ce ba ruwan yake ƙi ba, shi ma yana ganin mata a rana. Ya ce in je in gaya musu su rubuta: muna nan har Allah ya buɗe mana hanya, kuma muddin muna nan za mu kula da rijiyar kamar idonmu. "Wannan zan faɗa sau goma in suna so. In kuma mun tashi, ai rijiya ba ta bin kowa. Wasu bayin Allah za su sha."

Na ce, "Baba, takardar nan daga ƙasar waje ta zo, ba ta canjawa."

Ya ce, "Ka tambaya?"

Ban tambaya ba. Washegari Asabar na shiga ofishin Ustaz, yana cin wake da burodi a kan jarida. Na yi masa bayani a tsaye. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariyar da sai da ya nemi ruwa.

"Ya Harun, shekara nawa kuke kan hanyar Makkan nan? Da kunkuru aka aika da ya je ya dawo ya yi walima."

Na ce masa layi ɗaya ne, a gyara shi kaɗan. Ya ce yarjejeniya ba rigar tela ba ce da za a rage wa hannu. Ya ce in ya kai wa Madam wannan magana, za ta rubuta wa babban ofis, babban ofis zai ce mutanen ba mazauna ba ne, a tsallake su. Ya ce injin haƙa yana da unguwa uku da ke jiransa, ranar Laraba in ba hatimi, zai juya zuwa wata. "Mutanenka ne. Kai ka matsa aka sa su. Je ka shawo kan tsohonka."

Ofishin Madam taku goma ne daga na Ustaz. Tana jin Larabci kaɗan-kaɗan, da na shiga da mun fahimci juna ko da hannu ne. Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa ƙa'ida ce ta hana ni, ƙaramin ma'aikaci ba ya tsallake na gaba da shi. Ƙarya nake yi. Kunya ce ta hana ni. Dariyar Ustaz ta ishe ni, ban so in ji ta hawajiya. Tun ina yaro nake jin ana ce mana baƙi a ƙasar da aka haifi ubana, sai ga shi ni da bakina zan je in ce eh, tsofaffinmu ma haka suke cewa. Na wuce ƙofarta na tafi wurin direbobi na sha shayi.

Ban koma wurin Baba Shehu ba kafin Laraba. Na ce a raina in ya ga jama'a, ya ga mata, zai faɗa.

Laraba ce cikin watan Sha'aban, zafi kamar a bakin maƙera. An shimfiɗa tabarmi a filin gaban masallaci da hantsi. Maza a gefe, mata a gefe, da yawansu da jarkokinsu saboda daga jiran karo suka zo. Madam da Ustaz kan kujeru. Baba Shehu a tsakiya, hatimin unguwa a aljihun gaban rigarsa. Na tsaya na karanta. Layi na ɗaya ya maimaita. Na biyu ya maimaita. Na karanta na uku.

Ya ce, "Muna nan har Allah ya buɗe mana hanya."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba haka na karanta ba." Na sake karantawa.

Ya sake faɗin nasa, ba gaggawa, kamar yana biya wa ɗalibi.

Wannan karon ba dama in juya magana, don Ustaz ya san abin da ake ciki. Ya duba agogo, ya fara mayar da alƙalami aljihu. Madam tana tambayarsa me ke faruwa. Na dubi wajen mata, na ga wasu sun sunkuyar da kai. Ba wanda zai yi magana gaban Shehu, haka muke. Na tuna wata takwas ɗin da na yi ina bin Ustaz. Abin da na faɗa zan rubuta shi yadda na faɗe shi, don ba ni da haƙƙin rage shi.

Na ce, "Baba Shehu, a kan hanya aka haife ka, a kan hanya ka haifi 'ya'yanka, a kan hanya ka ga jikoki. Matafiyi nawa ka binne da hannunka? Wa ya isa? Ka dubi matan nan. Tafiyar da ba za a yi ba ita za ta hana su ruwa?"

Ban ɗaga murya sosai ba, amma kowa ya ji. A wurinmu yaro ba ya tambayar malaminsa irin wannan tambaya ko a ɗaki, balle a fili, gaban mata, gaban baƙi. Wani tsoho a baya ya tashi ya ɗauki takalminsa ya tafi.

Baba Shehu ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Haruna." Tun rasuwar babana ban ji sunana a bakinsa ba. "Takardar taku shugaban unguwa take so ya faɗa, ko Idirisa?"

Na ce, "Shugaban unguwa."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da hatimin. Ya kira Usmanu, ɗan ƙanensa, tela ne a Kasuwar Umdurman, mutum mai shekara arba'in da wani abu da bai taɓa yi wa kowa musu ba. Ya ce, "Zo ka karɓa."

Usmanu ya ce, "Baba, ka yi mini rai."

"Karɓi. Kai ubanka bai bar maka komai a wuya ba, ni kuwa nawa uban ya bar mini. Faɗi abin da suke so, mutane su sha ruwa." Ya juya ga jama'a ya ce, "Ku shaida, daga yau Usmanu ne shugabanku. Abin da ya faɗa a kanku ya faɗa. Ni ban da ni."

Usmanu ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Na karanta layi na uku, ya maimaita da muryar da sai na matsa kusa na ji. Ya buga hatimin a karkace. Ustaz ya yi wa Madam bayani da Turanci cikin kalmomi kaɗan, ban san me ya ce mata ba, amma fuskarta ta washe ta fara tafi. Ita kaɗai ta yi tafin, ta yi sau uku ko huɗu ta daina. Ustaz ya dafa kafaɗata ya yi mini barka, ya ce, "Mabruk, ya Harun." Kafin mu shiga mota filin ya watse. Ba wanda ya ce mu tsaya mu ci abinci, abin da ba a taɓa yi wa baƙo a unguwar ba.

Mako biyu bayan haka Ustaz ya fassara mini rahoton da aka aika babban ofis. An rubuta cewa a wannan unguwa an ga misali mai kyau, dattijo ya miƙa shugabanci ga sabon jini da yardar kansa a gaban jama'a, kuma hakan ya faru ne saboda ƙwarewar ma'aikacinmu na cikin al'umma. Aka ba ni takardar yabo mai hatimin zinariya. Madam da kanta ta miƙa mini, aka yi hoto.

Duk watan azumi ban taka ƙofar Baba Shehu ba. Ranar ƙaramar Sallah na ga ba makawa, na je gaisuwa bayan idi. Na zaci zai kau da kai. Bai kau ba. Ya sa aka kawo mini dabino, ya tambayi aiki, ya tambayi yaushe injin zai iso. Da mutane suka ragu sai ya ce in matso.

"Ka yi mini tambaya a fili ban ba ka amsa ba. Ka ce matafiyi nawa na binne."

"Baba, don Allah ka bar maganar. Na yi kuskure."

"A'a, tambaya ce, tana da amsa." Ya fara lissafa su da suna, yana naɗe yatsu. Ubansa, baffanninsa biyu, matarsa ta fari, abokan cirar auduga ɗaya bayan ɗaya, wasu ma ban taɓa jin sunansu ba. Ya kai kan babana ya ce, "Da Musa." Ya ci gaba, "Kowanne cikinsu kafin a rufe na gaya masa ya kwanta, ni zan ƙarasa. Ina ta cewa baɗi. Kai ne ka fara gaya mini gaskiya, ɗan Musa. Ba daɗi, amma gaskiya ce. Na zauna da yawa."

Na ce masa yanzu ba zamanin da ba ne, ana bukatar fasfo da biza da takardar ɗan ƙasa, shi kuwa ko ɗaya ba shi da ita. Na ce ya ba ni lokaci in nemi hanya ta ofis. Ya yi murmushi ya ce, "Ofishin naku da ba ya iya canja layi ɗaya?"

Kwana tara bayan Sallah ya sayar da awakinsa, ya kai littattafansa masallaci, ya hau motar Bur Sudan da safe da buta da jaka ɗaya. Hawa ta yi kuka ta riƙe rigarsa, Usmanu ya bi shi har tasha yana roƙo, bai saurara ba. Ni ina bakin aiki a wata unguwa, ban ji ba sai da yamma. Bayan wata biyu wani direban babbar mota ya ce ya gan shi a Sawakin, tashar jiragen ruwan alhazai, zaune a inuwar wani masallaci yana kallon teku. Na ɗauki hutun kwana biyar na je. Na zaga masallatai, na tambayi masu jiragen kamun kifi, na tambayi Hausawan wurin. Wasu sun ce sun ga tsoho irinsa, wasu sun ce tsofaffi irinsa suna da yawa. Daga nan ba wanda ya sake jin labarinsa. Ko ya ƙetare, ko bai ƙetare ba, Allah ne masani.

Ruwa ya zo. Zan faɗi wannan don shi ma gaskiya ne: ruwa mai kyau, mai sanyi, kuma donkin yana aiki har yau. Ciwon ciki ya ragu, mata sun huta. Ranar buɗewa na sa farar jallabiya na tsaya gefen famfunan. Hawa tana cikin layi. Da ta zo kusa da ni na gaishe ta, ta amsa yadda ya kamata. Ta sa jarkarta ƙarƙashin famfo tana kallon ruwan yana zuba.

Ta ce, "Ruwanka ya zo, Yaya Haruna."

Na ce, "Na kowa ne, Hawa."

Ta ce, "Za mu sha. Ai an biya."

Ta ɗauki jarkar ta tafi.

Ba wanda ya zage ni a unguwar, ba wanda ya ɗaga mini hannu. Da sun yi haka da ya fi mini sauƙi. In na yi sallama ana amsawa cikakkiya. Amma a yi suna ban ji ba, a ɗaura aure sai in ga mutane suna dawowa. In na zauna a majalisa hira takan koma ta farashin sukari har in tashi. A masallaci sahu yakan cika ta ko'ina kafin wani ya tsaya kusa da ni. Shekara ɗaya na jure, sannan na kama ɗaki a Khartum kusa da garejin da na fito. A ofis kuwa, duk sanda aka samu unguwa mai taurin kai sai a ce a tura Harun, shi ya san yadda ake yi da tsofaffi. A can ni ne wanda ya kori Shehu, a nan ni ne Bahaushen da ke jin maganar mutanensa. Ba inda nake zama in miƙe ƙafa.

Shekara uku bayan haka aka kawo sabon bugun yarjejeniya daga babban ofis. Madam ta riga ta koma ƙasarsu, Ustaz ya samu babban matsayi a wata ƙungiya. Na zauna ina juya takardar zuwa Hausa kamar yadda na saba. Na gama layi na biyu, na duba na uku, sai na ga maganar gyaran inji. Na koma sama, na sauko ƙasa, na juya bayan takardar. Layin babu shi. Na je na tambayi sabon jami'in. Ya ce, "Wanne? A, wannan. Wani ofishinmu a wata ƙasa ya rubuta cewa makiyaya ba sa yarda su faɗe shi, sai aka cire. Wasiƙa ɗaya ce. Me ya sa kake tambaya?"

Na ce ba komai. Na koma kujerata na ƙarasa fassarar.

To, ku da za ku ɗauki jakar nan bayana, ga abin da na sani, ba a kwas na koye shi ba. Ƙungiya ba muguwa ba ce, makauniya ce, da idonku take gani. Abin da kuka ɓoye mata don kunya, ba za ta taɓa saninsa ba, kuma za ta taka shi ta ba ku takardar yabo. Mutanen unguwa kuma in sun ƙi abu, ba kullum jahilci ba ne, wani lokaci suna riƙe da abin da ba a yi masa gurbi a fom ba. In takarda ta yi karo da mutum, ku koma ofis ku yi faɗan a can, da Ustaz ɗinku, da Madam ɗinku, da duk wanda ke samansu, ko za a yi muku dariya, ko za a kore ku. Takarda mutum ne ya rubuta ta a ɗaki mai sanyi, kuma wasiƙa ɗaya ke goge ta. Ni na ga ya fi mini sauƙi in yi faɗa da tsoho mai shekara tamanin a gaban mata, da in ƙwanƙwasa ƙofar da ke taku goma daga inda nake tsaye.